Naushin Abdulghani Ba Ya Zafi

Yarjejeniyar da muka ƙulla da Abdulghani gajera ce. Shi zai riƙa zuwa mayanka kowace asuba ya ɗauko mini nama, ya daka mini ƙuli-ƙulin yaji, domin bayana ya daina yarda da waɗannan ayyuka. Ni kuma zan ba shi ɗan filin da ke bayan rumfar tsirena a unguwar Sa'alaba ta Jidda, in ba shi idona daga fitowar rana zuwa hantsi, har kwana arba'in.

"Ido bas, ya Kawu?" in ji shi.

"Ido kawai. Hannun ya daɗe da ajiye aiki."

"Ummi ta ce da kai ɗan dambe ne. Ta ce ka kashe mutane kasir, da yawa."

"Kisan dambe ba na maƙabarta ba ne, ɗan nan. In ka kai mutum ƙasa ka kashe shi ke nan. Sai ya tashi ya karkaɗe wandonsa ya tafi shan fura."

Ya yi dariya, ya miƙo hannu. "Halas, na yarda."

Sunana Gwadabe, ɗan mahauta ne ni daga Ƙauran Namoda. Na zo aikin Hajji ina ɗan shekara talatin, jirgi ya koma babu ni, ga shi har gemuna ya yi fari a Jidda. Karatuna na allo ne, bai yi nisa ba, amma na zauna da mutane iri-iri, kuma wanda ya yi shekara talatin yana sayar da nama ba ya rasa sanin halin ɗan Adam. Abdulghani ɗan abokina ne marigayi Ubale. A nan aka haife shi, shekararsa ashirin da shida a lokacin, ƙato mai faɗin ƙirji, yana dako a wani sito a unguwar Khumra. Hausarsa tana ɗingishi, in ta gaji sai Larabci ya goya ta.

Abin da ya kawo shi gare ni takarda ce. Tsohon Balaraben da yake kafilin gidansu tun zamanin Ubale, wato mai tsaya musu a wurin hukuma, ya rasu. Magada suka ce Hajiya Rabi'a, uwar Abdulghani, za su ci gaba da riƙe ta saboda darajar mahaifinsu, amma namiji ya nemi wani. Iƙamarsa, wato takardar zaman ƙasa, saura wata biyu ta mutu. In ta mutu ba kafili, ranar da 'yan sanda suka tare shi a hanya sai jirgi, a sauke shi a Kano, garin da bai taɓa gani ba, ya bar tsohuwa ita kaɗai a ɗaki guda a unguwar Madain Fahd.

Ana cikin haka aka aike shi kai kaya wani sabon gidan motsa jiki a arewacin gari, irin wanda suke kira nadi. A can ake koyar da wannan damben da ya fara shigowa ta tauraron ɗan Adam, wanda ake kulle mutum biyu a keji su haɗa naushi da shuri da gwiwa da kokawa. Mai gidan, wani Saleh, ya ga Abdulghani ya saɓa buhun naushi a kafaɗa ya hau bene da shi ko haki bai yi ba. Ya tambaye shi ko ya iya dambe. Abdulghani, wanda ko kaza bai taɓa mari ba, ya ce, "Shuwayya." Wai kaɗan. Saleh ya ce to yana neman mataimakin mai koyarwa. Ya ce ya dawo bayan kwana arba'in ya yi turmi uku da malamin nadin, wani Bamagribe. In ya burge shi, zai karɓi kafalarsa.

Ranar Juma'ar da ta biyo Abdulghani ya shiga haraj, kasuwar gwanjo, ya tono wani littafi daga ƙarƙashin tulin tsofaffin takalma. Ba bango, ba shafin farko. Kowane shafi jerin hotuna ne huɗu-huɗu na waɗansu mutum biyu 'yan sirara da gajeren wando, a ƙasa kuma rubutu. Rubutun ba boko ba ne, ba Larabci ba, wasu 'yan ƙugiyoyi ne da zagaye-zagaye kamar an zubar da taliya. Ko lambobin da ke jikin hotunan ba irin namu ba ne.

"Wane yare ne wannan?" na ce.

"Ma adri, ban sani ba. Amma dubi gwiwar hannun nan, ya Kawu. Irin ta talabijin ce sak."

"To ai ba da baki ake dambe ba. Hoton ya ishe mu."

Muka yi bismilla, muka buɗe shi daga dama kamar yadda ake buɗe kowane littafi, muka fara da hoton da ke hannun dama.

Na cika buhun shinkafa da yashi da tsumma, muka rataye shi a ƙarfen rumfa. Ni ina zaune a benci da littafin a cinya ina soka nama a tsinke, shi yana tsaye yana kwaikwayo. Tun ranar farko na ga damben mutanen nan ba irin namu ba ne. A namu, hannun hagu garkuwa ne, na dama a ɗaure da zare a ajiye shi baya, ka yi ta lallaɓa mutum har ka sami ƙofa, sannan ka sake shi gaba ɗaya. Amma a littafin, hoton farko hannun mutumin yana kan fuskar abokin karawarsa. Na biyu ya janye shi. Na uku ya dawo da shi haɓa ya sunkuya. Na huɗu yana can nesa a tsaye kamar bai san an yi komai ba.

"Ina wurin dukan?" in ji Abdulghani.

Ni ban saba a tambaye ni abu in ce ban sani ba. Na gyara hula.

"Malaman nan masu hankali ne. Kai hannu fuskar mutum ko jariri ya iya, ba sai an ɓata takarda ba. Abin da ke kashe ɗan dambe shi ne barin hannu a waje. Ni da kake gani, haka aka yi mini a Gusau, na kai naushi na tsaya kallonsa, ban farka ba sai da aka zuba mini ruwa. Abin da suke koya maka shi ne komawa gida. Ɗora hannun. Yawwa. Koma gida!"

Haka muka yi ta yi. Ya ɗora hannu a buhu a hankali yadda hoton ya nuna, in daka tsawa, ya fizge shi da dukan ƙarfinsa ya sunkuya ya yi baya. Gwiwar hannu ma haka, gwiwar ƙafa ma haka. Kafin mako biyu, in ka ƙyafta ido ba ka ganin lokacin da ya bar wurin. Buhun kuwa ko motsi ba ya yi.

Akwai shafin da ya ɗan wahalar da ni. Hoton farko mutum kwance a ƙasa. Na biyu ya taso rabi, ƙafar ɗayan a wuyansa. Na uku ƙafar tana sauka. Na huɗu su biyu a tsaye lafiya lau suna kallon juna.

"Yana tada shi da ƙafa ne?" in ji Abdulghani. "Haram, ya ba shi hannu mana."

"Gargaɗi ne," na ce. "Wanda ya faɗi yana iya tashi. In ka ga ya yunƙuro, kwashe ƙafarka ka koma ka tsaya."

Ya gyaɗa kai. Yaron nan ya yarda da ni fiye da yadda na yarda da kaina.

Wani abin kuma, littafin da wuya ya fara. Makon farko tsalle ne da gwiwa da juyi kamar na 'yan koroso, Abdulghani ya sha ƙasa har na daina ƙirgawa. Muna nisa abin yana sauƙi. Na ce masa haka manyan malamai suke yi, su fara gwada haƙurinka, in ka jure sannan su ba ka asirin a ƙarshe.

Hajiya Rabi'a ta zo wata safiya da kunun gyaɗa a kwano. Ta tsaya bakin rumfa tana kallon ɗanta yana shafar buhu yana gudu.

"Alhaji Gwadabe, wannan shi ne damben?"

"Shi ne, Hajiya. Na zamani."

"Ni dai wanda na sani a gida ana jin ƙararsa daga bayan gari." Ta ajiye kwanon. Ta rage murya. "Ubale ya bar mini shi da haƙoransa cif. Takardar ina so, haƙoran ma ina so. Kada ka sa in zaɓa."

"Ba za ki zaɓa ba, in Allah ya yarda."

"Kullum da dare sai ya tambaye ni yaya Kano take. Ni kuwa me zan ce? Rabona da ita tun kafin a haife shi."

Sai na yaba kunun.

Shi kuwa Abdulghani ya fara damuna da wani roƙo. Wata rana ina ba shi labarin wani turmi da na yi ina saurayi, labari ya yi daɗi na miƙe na gwada yadda na saki hannun dama, kafaɗata ta yi ƙara, na zauna. Tun daga ranar bai bar ni na huta ba.

"Wancan nake so, ya Kawu. Guda ɗaya bas. Billahi ka koya mini."

"Ba a haɗa malami biyu a jiki ɗaya cikin kwana arba'in. Bi littafinka."

"Littafin ba ya duka."

"Yalla, koma kan buhu. Turminka ma na daka yana jiranka."

Saura kwana shida, ranar Alhamis, Abdulghaffar Fatani ya biyo. Tsoho ne kamar ni, mai ɗinkin kujerun mota, asalinsa daga kudancin ƙasar Tailan, inda Musulminsu suke. Ya fi shekara ashirin yana sayen tsirena. Ran nan ya zo da hantsi don ya ce in ajiye masa tsiren baƙin da zai yi. Abdulghani ya riga ya tafi Khumra. Littafin yana kan benci.

Ya ɗauka, ya saka tabarau, ya juya shi, ya buɗe daga hagu.

"Ka riƙe shi a baibai, Hajji," na ce masa da Larabci.

"A'a. Wannan rubutun ƙasarmu ne. Na yi makarantar gwamnati shekara huɗu kafin mu taso." Ya ɗora yatsa a shafin da mu muke ɗauka na ƙarshe. "Darasi na ɗaya. Yadda ake tsayuwa."

Na matso kusa da shi.

"Hotunan fa? Daga ina ake farawa?"

"Daga hagu mana. Ga lamba nan, ɗaya, biyu, uku, huɗu." Yatsansa yana tafiya daga inda mu muke ƙarewa zuwa inda muke farawa. Na bi yatsan da ido. Ga mutum a tsaye nesa. Ya matso ya sunkuya. Ya saki hannu. Hannun ya sauka a fuska. Na buɗe shafin mai kwanciya: su biyu a tsaye, ƙafa ta tashi, ta sami wuya, mutum ya zube. Ashe ba mai tada kowa. Kwana talatin da huɗu ina zaune ina yi wa ɗan mutane tafsirin dambe daga ƙarshe zuwa farko, har da misali daga Gusau.

Da na faɗa masa, Fatani ya yi dariya har sai da ya dafa ƙarfen rumfa yana tari. Na bar shi ya gama.

"Ana iya gyarawa a kwana shida?"

"Ni ka tambaya? Ni kujera nake ɗinkawa. Limamin ƙauyenmu ko kallon damben nan ya hana mu." Ya share hawaye. "Amma me ya sa kake wannan fuska?"

Na gaya masa zancen iƙama. Dariyar ta ɗauke. Ya ajiye littafin a hankali, ya ce Allah ya kawo mafita, kuma ba wanda zai ji daga bakinsa.

Na zauna ina lissafi. In na faɗa wa Abdulghani, zai kwashe kwana shida yana yaƙi da jikinsa, ya shiga gaban Bamagribe ba na baya ba na gaba, kuma ba zuciya. In na yi shiru, na tura shi dambe da hannun da ba ya duka. Sai na tuna abin da na sani a sana'a: kafin ka yanka nama, ka san wanda zai ci. Ni ban ma san me Saleh yake son saye ba.

Bayan azahar na sa farar jallabiyata, na ƙunshe tsire mai zafi a takarda, na shiga mota zuwa arewa. Mai gadin nadin wani Basudane ne mai son hira. Na ce masa ɗana ne yake son shiga, na zo in ga wurin. Na buɗe ƙunshin tsakaninmu. Ta gilashi ina hango ciki. Na zaci zan ga zakuna. Abin da na gani ma'aikatan ofis ne masu tumbi da 'ya'yan masu hali, kowa da sabuwar safar hannu, suna kai wa iska duka suna duba kansu a madubi. Bamagriben ne kaɗai ɗan dambe a ɗakin, siriri, kunnuwansa sun murɗe kamar ƙosai.

"Shi kaɗai yake koyarwa?" na ce.

"Da akwai mataimaki," in ji mai gadi, baki cike. "Gwani ne, wallahi. Amma wani yaro ya taɓa masa fuska, shi kuma ya rama. Ya karya masa hanci. Uban yaron ya zo da mota uku. Mutum tara suka daina zuwa a mako guda."

"Sai aka yi yaya?"

"Sai aka sallame shi. Akwai sauran yajin nan?"

Na dawo ina tunani. Hirar mai gadi ba alkawari ba ce, kuma abin da mutum yake buƙata daban, abin da zai ce yana so in ya ga ana dambe daban. Saleh na iya cewa shi dai ƙarfi ya zo gani. Amma abin da ke hannuna ke nan. Na ɓoye wa Abdulghani zancen. Kwana shidan da suka rage muka yi su a kan shafukan da muka iso, yadda ake tsayuwa da yadda ake taka ƙafa da yadda ake dunƙule hannu. Abdulghani yana ta murna wai mun kai ga asirin. Ni kuwa ko kallon idonsa ba na son yi.

Ranar Laraba bayan la'asar muka je. Ba keji a nadin, fili ne da igiyoyi da katifa. Masu tumbi suka daina abin da suke yi suka kewaye. Saleh yana zaune a kujera da carbi. Aka saka wa Abdulghani safa, aka tura masa roba a baki. Na ce masa abu ɗaya: "Abin da ka saba. Kada ka ƙara, kada ka rage."

Turmin farko, Bamagribe ya matso yana auna shi. Abdulghani ya miƙa hannu ya ɗora masa a goshi, kamar mai duba zazzaɓi. Kafin Bamagriben ya maido, babu kowa a wurin. Ya sake matsowa, aka sake shafa masa hanci, aka ɓace. Wani ya yi dariya. Bamagriben ya tsaya ya dubi Abdulghani, ya dubi ni, kamar yana tambaya ko raini ne. Ya kai naushi uku a jere, duka suka wuce ta saman kai.

Turmi na biyu ya gane. Ya bar fuskar, ya koma cinya. Ƙafarsa ta sauka a cinyar Abdulghani da ƙara kamar an buga tabarma a bango. Ya ƙara. A na uku ƙafar yaron ta ɗan lanƙwashe, komawar ta yi jinkiri, hannun hagun Bamagribe ya same shi a baki. Jini ya fito. Na ga idonsa ya canja. Ya buɗe hannun hagu gaba, ya ja na dama can baya, ya karkata kafaɗa. Tsayuwata ce, wadda ya gani sau ɗaya a bayan rumfa. Ƙato irin wannan, mai ɗaukar firji shi kaɗai, in hannun ya samu zai yi ɓarna, in ya kuskure haɓarsa tana buɗe. Ko wanne ya faru takarda ta tafi.

Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Abdulghani! Don ubanka, koma gida!"

Duk ɗakin ba mai jin Hausa sai shi. Hannun ya tsaya a iska. Ya dawo haɓa. Ya sunkuya, naushin Bamagribe ya share gashin kansa, ya yi baya yana ɗingishi.

A hutu na goge masa baki. "Laish, ya Kawu? Don me? Na gan shi a buɗe!"

"Na gani. Saura turmi ɗaya. Ka yi don Hajiya."

Turmi na uku Bamagribe ya gaji da kora, ya nutsa ya kama ƙafafunsa ya kai shi ƙasa. Littafinmu ba kokawa a ciki, ta gaba ko ta baya. Abdulghani ya yi abin da ya iya, ya rungume mutumin kamar buhun siminti a kan tsani, ya ƙi saki. Bamagriben ya yi ta mutsu-mutsu yana zagi da yarensu har aka buga ƙararrawa.

Saleh ya ja carbi, ya dubi malaminsa.

"Yaya ka gani?"

"Ba ya duka," in ji Bamagribe yana haki. "Ya taɓa fuskata ya fi sau goma, ko ɗaya bai yi zafi ba. Na fasa masa baki bai rama ba. Ban taɓa ganin irin wannan ba. Wa ya koya masa?"

Aka juyo gare ni. Na ce makaranta ce tsohuwa, ba kowa ya san ta ba.

Saleh ya kira wani mai tumbi, wanda na ga alama babban mai biya ne, ya ce ya shiga ya gwada. Mutumin ya shiga yana wurgi da hannuwa. Abdulghani, da kumburarren leɓe, ya yi ta kaucewa, lokaci-lokaci ya shafa masa goshi don ya nuna masa inda ya bari a buɗe. Minti biyu mutumin ya jiƙe sharkaf, yana dariya yana cewa a sake. Wasu biyu suka fara saka safa suna jiran layi.

"Ranar Asabar ka zo da iƙamarka da hoto huɗu," in ji Saleh. "Kokawa malam zai koya maka. Amma hannun nan ka bar shi yadda yake."

A motar komawa Abdulghani sai godiya yake, ya kama kaina zai sumbata. Na ga in ban faɗa yanzu ba, ba zan taɓa faɗa ba. Na ciro littafin daga aljihu, na buɗe shi daga hagu, na ɗora yatsansa a hoton farko na gaskiya, na ja shi zuwa dama. Sau ɗaya ya isa. Ya buɗe wani shafin da kansa, ya buɗe wani. Ya daɗe a kan mai kwanciyar nan.

"Tun yaushe ka sani?"

"Alhamis ɗin da ta wuce. Fatani ne ya karanta mini."

"Ka bar ni na shiga haka?"

"Na bar ka."

Ya juya kai yana kallon taga har muka wuce tashar jirgin ruwa. Na zaci shi ke nan tsakanina da ɗan Ubale. Sai na ji kujerar tana girgiza. Dariya yake yi, yana riƙe da leɓe saboda zafi.

"Wanda ya faɗi yana iya tashi," ya ce, yana kwaikwayon muryata. "Gargaɗi ne! Ya Allah, ya Kawu. Kuma har ka gyara hula."

Direban, wani Bayamane, ya juyo yana tambaya ko lafiya. Na ce ya kula da hanya.

Hajiya Rabi'a ta buɗe bakin ɗanta a tsakar ɗaki ta ƙirga haƙora da yatsa kafin ta yarda ta saurari labarin. Takardar ta fito bayan mako uku.

In ana maganar riba, Hajiya ta fi kowa, don ɗanta yana kwana a gida. Saleh ma ya ci, har ya buɗe reshe na biyu, kuma ba a sake karya hancin kowa a nadinsa ba. Abdulghani ya sami zama, amma ya rasa abin da ya fara so a ransa. Daga baya ya bi littafin yadda ya dace, daga hagu, ya yi shekara yana fama, jikin ya ƙi mantuwa. Sau ɗaya ya shiga gasa, abokin karawarsa bai same shi ba, shi ma bai ji masa ba, alƙalai suka ba wancan saboda ya fi ƙoƙarin duka. Bai sake shiga ba.

Ni ne na yi babbar asara. Da, in na yi bayani a bakin rumfa, ko na siyasa ko na maganin basir, shiru ake yi. Fatani ya cika alkawari, amma Abdulghani ba wanda ya sa shi rantsuwa, kuma labarin ya zagaya Sa'alaba kafin leɓensa ya warke. Yanzu ko hasashen ruwan sama na yi, sai wani ya leƙo daga ƙarshen benci ya ce, "Kawu, wannan daga dama ka karanto shi ko daga hagu?"